Yadda Muka Kai Ƙaron Ƙauyenmu Indiya

Ni dai da na tashi, ƙaro abin tauna ne da abin tawada. Idan mun kora awaki jeji sai mu ɓamɓaro shi a jikin ɗakwara ko marke, mu jefa a baki ya yi ta manne mana a dasashi. Wanda ya rage mu kawo wa malam ya jiƙa, a zuba a tawada don ta kama allo ta yi sheƙi. Masu wankin hula a Gumel su ma suna saye kaɗan-kaɗan, da shi suke sa hula ta tsaya ƙyam. Iyakar sanina da shi ke nan har na yi aure.

Lokacin da Saminu Turaki yake gwamnan Jigawa, tsakanin 1999 da 2007, aka yi ta yayata noman ƙaro, aka raba dashen ɗakwara a ledoji. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya karɓo ya dasa a wata gonarmu ta rairayi da gero ya daina yi. Mutane suka yi ta masa dariya, wai Malam ya rasa abin shukawa sai ƙaya. Shekara biyar tana cin wuri kafin ta fara ba da wani abin kirki. Daga nan kuma kowane rani dillali zai zo a babur da sikelinsa, ya auna, ya faɗi kuɗin da ya ga dama, ya ɗaure a baya ya nufi Dawanau. Ba mu taɓa tambayar inda yake zuwa bayan Dawanau ba.

A daminar 2023 abin ya sauya. Tun gero bai fitar da kai ba dillalai suka fara zarya, suna ba da kuɗin kafin alƙalami a kan ƙaron da ko tsaga shi ba a yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan baffana, wanda yake riƙe da littafin wani sito a Dawanau, shi ya warware mana. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu, kuma Sudan ita ce uwar ƙaro a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 daga can yake fitowa, daga Kurdufan da Darfur, a tara shi a kasuwar Al'ubayyid a kai Fot Sudan. Hanya ta lalace, masu saye sun juyo Chadi da Najeriya. Ya ce mana ko a 1997 da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, sai da ta tsame ƙaro daga ciki, saboda kamfanonin lemon kwalba da alewa da magunguna ba su da madadinsa. Ya ɗauko ledar wata alewa ya nuna mana E414 a cikin ƙananan rubutun baya. Ya ce wannan lambar, ƙaronku ce.

Shi ne kuma ya zo da maganar wani Ba'indiye da ya saba sayen riɗi da zoɓo ta hannun maigidansa, yana neman kwantena ɗaya ta ƙaro mai lamba ɗaya, maigidan kuwa hannunsa a cike yake. Muka zauna mu bakwai a zauren Baffa bayan isha'i, har da kawuna ƙanen mahaifiyata, muka yi shawara mu haɗa jari mu gwada. Na sayar da bijimai biyu. Aka ɗora mini takardu da rakiyar kaya saboda ni na yi sakandare.

Na ɗauka ƙaro ake fara nema, ashe takarda ake fara nema. Sai da muka yi rajistar kamfani a hukumar CAC, muka buɗe asusu biyu a banki da sunan kamfanin, na naira da na dala, sannan na je ofishin hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, a Kano don takardar shaidar mai fitar da kaya. A can na fara gane cewa abin da ya fito daga jikin bishiya yana da nasa dokoki. Katako, gungume ne ko yankakke, yana cikin jerin abubuwan da aka hana fitarwa daga Najeriya. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa ana loda wa 'yan China, ta shiga ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, CITES, tun 2017. Ƙaro babu wannan takunkumi a kansa, don ba a kashe bishiya kafin a same shi. Amma doka ba ta zama wuri ɗaya. Masu ƙwarar kaɗanya sun kwana suna da kasuwa, suka wayi gari a watan Agustan 2025 an dakatar da fitar da ɗanyenta na wata shida. Tun daga lokacin nake sauraron labarai da kunnen ɗan kasuwa.

Ana cikin zaryar takardu lokacin tsaga ya yi. Ba a tsaga ɗakwara tana cikin jin daɗi. Sai ruwa ya ɗauke, an yi girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ganyenta ya yi rawaya kamar rabinsa ya zube, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Da ɗan barandami ake yi, ko wuƙar da maƙeri ya lanƙwasa wa baki. Ka ɗan sari ɓawon reshe sama-sama, ka sa bakin ƙarfen ka ɗaga, ka ja ya salɓo, faɗin yatsu biyu, tsawon kamar taƙi ɗaya ko biyu. Idan ƙarfe ya shiga itacen ka cuci reshen, ƙwari za su shiga ya bushe. Ita kuma ba ta barin bashi ya kwana: ƙayarta uku-uku ce, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe suna kallon sama, duk ta inda ka janye hannu sai ɗaya ta riƙe ka. Bayan hannuna har yau da zane.

Daga nan sai haƙuri, mako biyar ko shida. Ƙaron yana tsattsafowa a bakin tsagar kamar ƙwalla, ya taru ya dunƙule, waje ya bushe ya yi yamutse-yamutse, ciki garau. Wani dunƙulen kamar goriba ƙarama, wani kamar ƙwallon magarya. Bayan tsinkar farko, duk mako biyu ake komawa. A da a ƙasa muke tarawa, ko a buhun takin zamani. Wannan karon ɗan baffana ya kafa mana doka: a ƙwarya mai tsabta, daga reshe kai tsaye, a shanya a inuwa a kan tabarma, kada rana ta dafa shi, kada raɓa ta taɓa shi.

A watan Disamba muka aika samfur, rabin kilo, daga gonar Baba. Ba'indiye ya kai ɗakin gwaji ya dawo da murna. Aka rubuta yarjejeniya: tan 18, wato buhu 360 mai kilo 50, ƙaron ɗakwara zalla, laimarsa kada ta wuce kashi 15 cikin 100, tokarsa idan an ƙona kada ta wuce kashi 4, babu ɓawo babu yashi. Ɗawainiyar kaya tamu ce har su hau jirgi a Legas, daga nan kuɗin jirgi da inshora nasa ne. Zai ba da kashi 30 tun farko, ragowar sai ya ga takardar lodin jirgi. Muka sa hannu muna ta fara'a, ba wanda ya tsaya ya yi lissafi. Bishiya ɗaya, in ta yi kirki ƙwarai, rabin kilo take bayarwa a shekara, da yawa ma ba sa kaiwa. Ko da rabin kilon ka ɗauka, tan 18 ƙaron bishiya 36,000 ne. Duk ɗakwarar ƙauyenmu da ta maƙwabta ba ta cika ko kwata ba.

Sai muka raba buhuna a tsakaninmu, kowa da adadin da zai kawo, muka bazu kasuwanni. Ni Maigatari nake zuwa duk Alhamis, amma kasuwar a wannan shekara ta rame, don iyakar Nijar a rufe take tun watan Agusta bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai. Wasu suka nufi Malam Madori da Hadejia, biyu suka wuce Nguru da Gashuwa a Yobe, inda ƙaro ya fi yawa, inda ma cibiyar binciken roba ta ƙasa take da reshe na musamman a kan ƙaro. Farashi kuwa kowane mako da nasa. Dala ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage a watan Fabrairun 2024, kuma ko tsohon da ya kawo ƙaro tiya uku a kan jaki sai ya ce maka, ai dala ta tashi.

Ƙaron kasuwa a gauraye yake zuwa. Mai lamba ɗaya shi ne na ɗakwara, wanda 'yan Sudan suke kira hashab. Mai lamba biyu na dushe ne, su talha suke ce masa. Mai lamba uku na su ciriri da taramniya ne, baƙi-baƙi. Raba su shi ne aikin, kuma aikin mata ne. A tsakar gidan Gwaggo, yayar babanmu, aka shimfiɗa tamfol, mata sama da ashirin suka zauna kowa da faifai da rariya da 'yar wuƙa. A fara tankaɗe yashi da gari, sannan a bi dunƙule ɗaya-ɗaya, a kankare ɓawon da ya manne, a ware baƙi, a ware na dushe. Ni idan na duba duk ɗaya nake gani, wani fari-fari, wani kamar zuma. Gwaggo kuwa ko da ido rufe. Ta ɗauki ɗaya ta sa a turmin haƙori ta ce, "Ji nan, Mai-sunan-Baba." Na ɗakwara ya ce ƙas, ya rabe biyu, cikinsa sumul kamar fasasshiyar kwalba. Ta ɗauki na dushe, tun kafin ta cije ya ruguje ya zama tsaki-tsaki. A kan tiya muke biyansu, kuɗin da ni kaina yanzu nake jin kunyar faɗa.

Duk abin da aka tsince sai a kai wani sito da muka kama haya a Gumel, a juye wuri ɗaya, a sake zubawa a sababbin buhunan algarara, a auna a ɗinke. Kawu shi ya zo a ƙarshe, da buhu 40 cif, a ɗinke, ya ce matansa sun riga sun tsince a gida. Babba ne, kuma ɗan'uwan mahaifiya. Wa zai ce a kwance? Aka juye nasa a cikin tulin.

Ni a lokacin hankalina yana banki. Duk mai fitar da kaya sai ya cike fom ɗin NXP ta bankinsa, a intanet ake yi yanzu, shi ne yake shaida wa Babban Banki me za ka fitar, nawa, wa zai biya. Da lambar kaya ta duniya ake shigarwa, ta ƙaro 1301.20 ce. Sau biyu aka dawo mini da nawa, kuma laifina ne: a takardar farashin da na rubuta wa Ba'indiye na gajarce sunan kamfaninmu, bai zo daidai da na rajista ba. Harafi uku suka ci mini kwana tara. Sai kuma kuɗin duba kaya da ake kira NESS, rabin kashi ɗaya cikin 100 na darajar kayan. Ma'aikacin bankin ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: kuɗin kaya dole su dawo asusun cikin kwana 180 daga ranar lodin jirgi, in ba haka ba sunan kamfaninmu ne zai ɓaci, ko mai saye ne ya ƙi biya.

Ana saura kwana kaɗan azumi wakilin Ba'indiye ya zo daga Kano. Bai tambaye mu wane buhu zai buɗe ba. Ya zaga sito yana nuna wannan, da wancan na ƙasa, da na can lungu, ya ɗebi kaɗan-kaɗan ya haɗa ya tafi. Ranar uku ga azumi ɗan baffana ya kira ni, muryarsa a dushe. Gwaji ya nuna an gauraya. Ashe idan aka narkar da ƙaro a ruwa aka haska wani irin haske ta cikinsa, na ɗakwara hagu yake karkatar da hasken, na dushe dama. Idan an haɗa su, sai ɗaya ya ci ɗaya, lambar da na'ura take nunawa ta ragu. Samfurin Disamba ya ba da lamba cikakkiya, wannan kuwa ya gaza. Ba'indiye bai yi faɗa ba. Ya ce zaɓi biyu: ya biya duka a farashin mai lamba biyu, ko mu sake tsincewa.

Ba sai an yi bincike ba. Littafin awo yana hannuna, kuma kaya ɗaya ne kawai bai bi ta tsakar gidan Gwaggo ba. Baffa ya ce ni zan je, tunda ɗakinmu ne. Na same shi bayan tarawihi a ƙofar gida a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gaisuwa har ta ƙare ba abin da ya rage sai maganar.

Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, aiko ni aka yi. Sakamakon kaya ya fito, an ce akwai dushe a ciki."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ɗan nan, 28 na samu. Na yi alkawarin 40 a gaban mutane. In zo in ce ban cika ba, ni da furfurata?" Sauran 12 ɗin a wata kasuwa ya saya da yamma, wurin wani da ya yi ta rantsuwa. Ya ga alamar ba zalla ba ne, amma ya ce a ransa ƙaro ai ƙaro ne, buhu 12 a cikin 360, a bayan teku wa zai sani?

Ban iya ce masa komai ba. Gaskiya ni ma da a wurinsa nake, ban san me zan yi ba, don duk tasowarmu haka ake cinikin ƙaro: mai sayarwa ya ɗan cusa, dillali ya san an cusa ya rage kuɗi, kowa ya tafi yana ganin ya yi wayo. Wannan ciniki na daban ne. Mutumin da bai taɓa ganin fuskarka ba ya biya kuɗi a kan cewa buhu na 360 zai zama daidai da rabin kilon da ka aika masa. Wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari, kuma mu da hannunmu muka juye waken a cikin garin.

Buhu 360 aka kwance. Kullum bayan asuba akori-kura ta kwashi su Gwaggo zuwa Gumel, su zauna a rumfar da muka kafa a bakin sito, cikin zafin bazara, da azumi a baki, ba damar gwadawa da haƙori. Da farce da bakin wuƙa suka yi aikin. Kwana goma sha shida. Ƙurar ƙaro tana haɗuwa da gumi ta manne a yatsu, sai an jiƙa hannu a ruwa kafin a iya raba su. Abin da aka fitar, da dushe da garin da ya ƙaru saboda yawan juyawa, ya kai buhu 15. Muka sayar da shi da asara a Dawanau, muka sayi madadinsa a farashin ƙarshen kaka, lokacin da kowa ya san muna cikin matsi. Kawu ya sayar da raƙuminsa ya biya rabin asarar ba tare da an tambaye shi ba. Wannan karon kowane buhu sai da aka rubuta masa lamba, ni kuma na rubuta a littafi daga hannun wa ya fito. Gwaji na biyu ya wuce.

Sai ga wata fargabar. Mun sayi kaya dala tana sama, a watan Afrilu ta gangaro kusa da naira 1,100. Kuɗinmu a dala aka rubuta, bashinmu a naira. Baffa ya daina tambayata labarin kaya, sai dai ya ce, "Yau nawa take?"

Bayan ƙaramar salla muka yi lodi. Mun yi tunanin tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, amma ejen ɗin da aka haɗa mu da shi, mai bin takardun kaya a tashar jirgin ruwa, a Legas yake, can kuma aka tanadi kwantena. Na hau gaban tirela tare da direba da yaron mota. Kano, Zariya, Kaduna, muka gangara Neja, Mokwa, muka haye gadar Jebba, Ilori, Ibadan. Kwana huɗu. Shingayen masu karɓar haraji na daina ƙirgawa, kowa da rasit ɗinsa da sandarsa mai ƙusa, wani ma ba rasit. Abin da ya fi damuna sama ce. Daga Jebba iska ta yi nauyi, hadari yana haɗuwa, ƙaro kuwa abokin gabarsa laima, yana shan ta ya dunƙule ya zama dutse ɗaya a cikin buhu. Tamfol biyu muka rufa, duk tsayawa sai na zaga na taɓa igiyoyi. Direban har ya fara tsokanata wai amarya na rako.

Legas ba ta san ka yi azumi a bakin sito ba. Aka kai mu tashar tattara kayan fitarwa ta Lilypond a Ijora, inda kwastam suke duba kaya kafin su shiga Apapa. A nan takardu suka yi ta haihuwa. Hukumar killace kayan gona, NAQS, ta duba ta ba da shaidar cewa babu ƙwaro ko cutar tsiro. Masu duba ingancin amfanin gona na tarayya suka auna, aka yi feshi, suka ba da tasu. Kamfanin da gwamnati ta ɗora wa duba kaya kafin lodi ya ba da tasa. Shaidar asalin kaya, cewa daga Najeriya suka fito, ta ƙungiyar 'yan kasuwa ce. Na shiga cikin kwantenar da kaina kafin a zuba kaya, na sa aka rufe ƙofa ina ciki, na duba ko haske yana shigowa ta wani rami. Ɗan baffana ne ya koya mini wannan. Aka shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango, aka rataya jakunkunan shanye laima, 'yan dako suka jera buhu 360 ina ƙirgawa, aka rufe aka buga hatimi. Na rubuta lambar hatimin a littafi, na sake rubutawa a tafin hannu.

Jirgin farko ya tafi ya bar mu. Ejen ya yi ta ce mini gobe, gobe, ashe bai nemi izinin shigar mota tashar a kan lokaci ba, don tun 2021 sai an yi rajista a manhajar Eto kafin tirela ta shiga Apapa. Mako biyu na ƙara a Legas ina kwana a ɗakin wani ɗan garinmu mai sayar da albasa, kuɗin ajiya yana hawa kullum. A watan Mayu kwantena ta hau jirgi, ta nufi tashar Naba Sheba kusa da Mumbai.

Takardar lodin jirgi ita ce kayan. Duk wanda asalinta yake hannunsa shi zai karɓi kwantena a can. Na ɗauki hotonta na aika wa Ba'indiye, na riƙe asalin a cikin leda a aljihun 'yar shara, na hau mota na dawo gida. Kwana tara bai ce uffan ba. A kwanakin nan na gane cewa dukiyar gida bakwai tana tsakiyar teku, a hannun mutumin da muryarsa kawai na sani, kuma in ya ce ya fasa, ba ni da kuɗin da zan dawo da ita. Ran na goma ina gona ana sharar shuka waya ta yi ƙara. Na karanta saƙon banki sau uku a gindin ɗakwarar Baba kafin na kira kowa. Washegari na je Kano na aika masa takardun.

Da muka zauna lissafi a zauren Baffa, dala ta ɗan farfaɗo zuwa wajen 1,500, ita ta cece mu. Aka cire kuɗin mota, da shingaye, da ejen, da ajiya, da feshi, da tsinta sau biyu, da asarar dushe. Abin da kowa ya samu ya ɗara abin da dillali zai ba shi a ƙofar gida, amma ba da yawa ba, kuma dillali a ranar yake biya, mu kuwa wata takwas kuɗinmu yana kwance. Na mayar da bijimi ɗaya da ɗan maraƙi. Wani daga cikinmu ya ce shi kam ya tuba. Ban ga laifinsa ba. Ribar ƙaro ta gaske ba a wurin mai tsaga take ba, ba ma a wurin mai kwantena ɗaya ba. Tana wurin masu narkar da shi su tace su busar ya zama farin gari, irin su Nexira da Alland & Robert a yankin Nomandi na Faransa, ƙasar da ko ɗakwara ɗaya ba ta tsiro a jejinta, amma ita take kan gaba wajen sayar wa duniya sarrafaffen ƙaro.

Ba'indiye ya rubuto bayan ya buɗe kaya. Bai yi dogon yabo ba, ya ce tsintar ta yi kyau, yana son kwantena biyu a kaka mai zuwa. Ni da bakina na kai wa Gwaggo labari, ina tsammanin za ta yi guɗa. Tana tankaɗe a bakin murhu, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Tsintar ce ya ce ta yi kyau?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo."

"Ba motar ba, ba takardun naka ba?"

Na yi shiru. Ta buga rariya a gefen ƙwarya ta ce, "To ka faɗa wa baffanka, bana ba a kan tiya za mu yi ba. A kan buhu ne, kuma mu za mu faɗi kuɗin. Buhun kowa kuma ta nan zai bi, ko na Sarki ne."